Amsa: Ƙasar shimfiɗa mai araha domin akwatin kifi mai tsirrai

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka tambaya ko akwai abin da zai maye gurbin ƙasar shimfiɗa ta kanti, wadda ake shigowa da ita daga waje da tsada. Akwai, kuma a nan Damagaram ba sai ka yi nisa ba.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne jar ƙasar marmara, domin tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda tsirrai masu ci ta saiwa, irin su Vallisneria da Cryptocoryne, suke buƙata ƙwarai. Ka ɗebo ta daga wurin da ba a zuba taki ko maganin ƙwari ba, nesa da tabkunan cikin gari da ruwan kwata ke shiga. Ka shanya ta, ka tankaɗe, ka shimfiɗa kaurin santimita 1 zuwa 2, sannan ka rufe ta da wankakken yashi mai kaurin santimita 3 zuwa 4. Idan babu wannan rufi, ruwan zai yi ja, ya daɗe bai kwanta ba.

Tsingaron tukwanen Mirriya ma yana da amfani idan aka daka shi ƙanana aka wanke, tun da gasasshen yumɓu ba ya narkewa, sai dai abincin da yake bai wa tsiro kaɗan ne.

Kafin ka zuba yashin, ka ɗiga masa binega: idan ya yi kumfa, akwai farar ƙasa a ciki, kuma za ta ƙara wa ruwan nauyi, wato za ta riƙa narkewa tana ƙara yawan sinadarin alli a cikinsa. Ka dasa tsirran, ka jira mako 3 zuwa 4 kafin ka saka kifi.