Amsa: Hayar bargar dawaki da filin kiwo a Garwa

Malam, ka tambayi abin da za a rubuta a takardar hayar. Fara da iyaka: ku zagaya filin da jauro (wato mai unguwa) da shaidu, a rubuta alamomin. Tambayi mai filin takardar mallaka, domin a dokar filaye ta Kamaru ta 1974, filin da ba shi da ita yana cikin filayen ƙasa. Sai kuɗin haya da sefa, da yawan dawakin.

Rigimar dai ta damina ce. In doki ya tsinke ya yi ɓarna a gonar dawa ko auduga, wa zai biya? A rubuta ƙarara. Haka gyaran rufi da yasar rijiya, da mai ɗaukar takin dawakin, abin da ake mantawa alhali kuɗi ne.