Amsa-kuwwa a Arduino Uno: ina za ta zauna a cikin kilobait 2?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Na haɗa ɗan injin kiɗa da Arduino Uno, ɗan allon lantarkin nan da ake loda wa shiri, da manhajar haɗa sauti ta Mozzi, yana fitar da sauti lafiya lau. Da na ƙara masa amsa-kuwwa sai ya koma shaa kamar rediyon da ta ɓace tasha, wani lokacin ma ya mutu ya sake tashi da kansa. Wajen loda shirin kuwa an nuna mini kashi 40 cikin ɗari kawai na ci na wurin ajiya. To me ya cika?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, a saƙon da ake nuna maka wajen lodawa, layin sama ka karanta ka bar na ƙasa. Kashi 40 ɗin nan na filash ne, inda shirin kansa yake kwana, kuma guntun ATmega328P da ke kan Uno yana da kilobait 32 nasa. Layi na biyu shi ke maganar RAM, ƙwaƙwalwar da shirin ke ajiye bayanai a ciki yayin da yake aiki, wadda bait 2,048 ce kacal. Nan gizo ke saƙar.

Mu yi lissafi. Mozzi a tsarinta na asali tana fitar da samfurin sauti, wato lambar da ke nuna matsayin igiyar sautin a ɗan lokaci guda, har 16,384 a kowace daƙiƙa. Amsa-kuwwa ba komai ba ce illa ajiye abin da ya riga ya fita a sake kunna shi daga baya. Ke nan in kana son ta daƙiƙa ɗaya, ko da bait ɗaya-ɗaya ka ba kowane samfuri, kana neman bait 16,384, ninki takwas na duk RAM ɗin allon. Bait 512 zai ba ka wajen kashi 31 cikin dubu na daƙiƙa, wanda kunne ba ya jinsa a matsayin amsa-kuwwa, sai dai ya ji sautin ya yi kauri. In kuma samfurinka na bit 16 ne, raba wannan biyu.

Ina zargin ka ware wa amsa-kuwwar bait 1,024, shirin kuma ya lodu ba gardama. Abin da ba a ƙirga maka ba shi ne stack, wurin da guntun ke jibge bayanan wucin gadi duk sanda wani aiki ya kira wani. Yana farawa daga ƙarshen RAM yana gangarowa, kayanka kuma suna jere daga farko, ba ɗan sanda a tsakani. Ran da suka haɗu sai ya rubuta a kan sautinka, shi ne shaa ɗin da kake ji. In adireshin komawa aka taka, wato alamar inda shirin zai koma bayan aikin da aka kira ya ƙare, allon ya sake tashi. Don haka ne manhajar Arduino ke gargaɗi tun an ci kashi 75 cikin ɗari na RAM.

Kafin ka kashe kuɗi, share ɗakin. Duk abin da ba ya canzawa bai da hurumin zama a RAM. Jadawalin igiyar sauti da ka rubuta da hannunka ka sa masa PROGMEM, umarnin da ke barin sa a filash, ka riƙa karanto shi da pgm_read_byte. Waɗanda suka zo da Mozzi dama can a filash suke. Kowace jimla da ke cikin Serial.print, umarnin aika rubutu zuwa kwamfuta, ana kwafo ta RAM tun allon na tashi, sai in ka naɗe ta da F(). Serial ɗin kanta tana riƙe da bait 64 na shiga da 64 na fita, to in ka gama gwaji cire ta gaba ɗaya. String kuwa, wato nau'in ma'ajiyar rubutu ta Arduino, ni ba na barinta ta kusanci shirin sauti, don tana barin ramuka a ƙwaƙwalwa. Ka kuma guji float, wato lambobi masu ɗigo: guntun ba shi da sashen lissafin ɗigo, alhali bugun agogo 976 kawai yake da shi tsakanin samfuri da samfuri.

Kada ka ce za ka kai amsa-kuwwar EEPROM, ɗayar ƙwaƙwalwar guntun da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke, don ka ga kilobait 1 a zaune. Rubuta bait ɗaya a can yana cin kusan kashi 3.3 cikin dubu na daƙiƙa, lokacin da samfuri sama da 50 sun wuce, ga shi rubutu 100,000 aka lamunce masa.

In doguwar amsa-kuwwa kake so, akwai ɗan guntun RAM na waje, 23LC1024, mai kilobait 128, ana haɗa shi ta SPI, wata hanyar aika bayanai tsakanin guntu da guntu. A lissafinmu na ɗazu daƙiƙa 8 ke nan, amma kai da kawowar bayanan zai ci daga bugun nan 976. Akwai kuma guntun PT2399, wanda yin amsa-kuwwa ne aikinsa, ka jona shi bayan fitar sauti, Uno bai ma san da zamansa ba. Da ni ne, allon Raspberry Pi Pico zan koma, mai RAM kilobait 264, tunda Mozzi tana gudana a kansa, yawancin shirinka ba sai ka taɓa ba. Amma fara da mayar da ajiyar amsa-kuwwar bait 256 ka sake lodawa. In shaa ɗin ya ɗauke, RAM ce.