Tambayoyinku da Amsoshin Likita: Yaron da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan yara ne masu ƙiriniya da rashin natsuwa. Akwai biyu da suka tayar min da hankali, su zan fi daɗewa a kai.

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 3. In na zaunar da shi da allo ko littafi, ko minti biyar ba ya yi sai ya miƙe. Lafiya kuwa? Daga wata uwa a Wunti, Bauchi.

Amsa: Lafiya lau, Hajiya. Ƙiyasin da ake yawan amfani da shi shi ne minti 2 zuwa 3 a kan kowace shekara ta yaro, ke nan ɗan shekara 3 bai wuce minti 6 zuwa 9 ba, shi ma sai abin yana ba shi sha'awa. Ki raba karatun: minti biyar da safe, biyar da yamma. Amma in har yanzu ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waigowa in an kira sunansa, ki kai shi asibiti a duba jinsa.

Tambaya: Gaskiya ne alawa da zaƙi ke sa yaro rawar kai? Daga wani uba a Jahun.

Amsa: Gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna haka ba. Ka rage masa zaƙin saboda haƙoransa, Malam. Abin da ke hana yaro natsuwa da barci shi ne shayi mai kauri, lemon kwalba baƙi, da goro, musamman da yamma.

Tambaya: Ina da yara biyu, ɗan shekara 4 da ƙaninsa mai wata 20. Ƙiriniyarsu ta ishe ni, ga aikin gida ga sana'a. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ba su cokali guda na Phenergan ko Piriton su yi barci, ita ma haka take yi wa nata. Na fara kwana uku ke nan. Akwai matsala? Daga wata uwa a Yelwa.

Amsa: Akwai babbar matsala, 'yar'uwa. Don Allah ki daina daga yau, kuma ki faɗa wa maƙwabciyar taki ita ma ta daina. Wannan ɗabi'a ta bugar da yara da maganin kemis don a samu sararin yin wanki ta zama ruwan dare, kuma abin takaici ne ƙwarai yadda ake miƙa wa juna shawarar kamar ana ba da aron tukunya.

Phenergan an hana bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba kwata-kwata, domin yana iya rage numfashi har ya tsayar da shi cikin barci. Ƙaramin naki yana cikin wannan rukuni. Piriton kuma maganin ƙaiƙayi ne da mura mai atishawa, ba maganin barci ba ne. A wasu yaran ma akasin abin da ake nema yake yi: yaro ya ƙara fitina, ya yi ta kuka, zuciyarsa na bugawa da sauri, sai uwa ta ga bai yi aiki ba ta ƙara wani cokalin. Ta nan ake zarce ƙima. Cokalin gida ma ba ma'auni ba ne, wani ya ninka wani. Masu ba da maganin tari mai kodin ko ƙwayar Valium kuwa, nasu ya fi muni. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, duk kwalbar da kika gani a ɓoye ba ki san abin da ke cikinta ba.

Barcin magani ba hutu ba ne. Yaro zai tashi jiki a mace, kai ya yi nauyi, natsuwar da kike nema ta ƙara nisa.

Idan kin ba yaro irin wannan magani kika ga ya ƙi farkawa ko da kin girgiza shi, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko ya fara fizge-fizge, ki kwantar da shi a gefensa, ki ɗauki kwalbar, ku nufi sashen gaggawa na yara nan take. Kada ki ɗura masa manja ko madara, kada ki sa masa yatsa ya yi amai. Yaron da ke magagi zai iya shaƙar aman ya shiga huhunsa.

Na san gajiyar gaskiya ce. Abin da zai taimaka: su fita tsakar gida su yi guje-guje da safe da la'asar har su gaji, a kashe talabijin da waya awa guda kafin kwanciya, a yi wanka, a kwanta lokaci ɗaya kullum. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana. Yaron da bai ƙoshi da barci ba ba ya yin lakwas kamar babba, rawar kai yake ƙarawa.

Tambaya: Jikata ce, shekararta 6. Tana cikin magana ko cin abinci sai ta tsaya cak, ido a ƙafe, ana kiranta ba ta amsawa, can kuma ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Malamarsu ta ce ba ta mai da hankali. A gida an ce shafar aljanu ce, an yi mata hayaƙi sau biyu, har da barkono. Daga wata kaka a Misau.

Amsa: Inna, wannan ce tambayar da ta fi damuna. Ban ga yarinyar ba, amma yadda kika siffanta ya yi kama sosai da wani nau'in farfaɗiya da mutane ba su sani ba, saboda babu faɗuwa, babu kumfa a baki, babu jijjiga. Yaro yakan ɗauke na daƙiƙa 5 zuwa 15, wani lokaci fatar idonsa na ƙiftawa da sauri ko bakinsa na motsi kamar mai tauna, lomar da ke hannunsa ta tsaya a hanya. Sai ya dawo, bai ma san ya tafi ba. Yana iya faruwa sau gommai a wuni ɗaya. Yakan fara tsakanin shekara 4 zuwa 10, kuma ya fi yawa a 'yan mata. Ki duba yadda karatu zai kasance ga yarinyar da ake ɗauke mata tsakiyar kowace magana ta malama. Ba sakarci ba ne, ba ta ji ba ne.

Ga yadda za ku bambanta da tunanin yarinta. In ta yi hakan, a taɓa kafaɗarta ko a tafa hannu kusa da ita. Mai tunani za ta zabura ta waigo. Mai wannan lalura ba za ta motsa ba sai abin ya sake ta da kansa. A ɗauki bidiyonta da waya sau biyu ko uku, fuskarta ta fito sosai, a kuma rubuta sau nawa ta yi a rana. Wannan bidiyon zai taimaki likita fiye da dogon bayani.

Ku kai ta wurin likitan yara, asibitin tarayya da ke Azare ya fi muku kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Likita zai iya sa ta yi ta hura takarda na kamar minti uku, domin numfashi da sauri yana fito da abin a gabansa. Wannan ku bar wa likita, kada ku gwada a gida. Akwai kuma awon ƙwaƙwalwa da ake kira EEG, wayoyi ake manna wa a kai, babu allura babu zafi. In an tabbatar, akwai magani mai aiki sosai, kuma yawancin yara suna rabuwa da ita kafin su gama balaga. Kada kowa ya saya mata maganin farfaɗiya a kemis. Wasu magungunan farfaɗiyar, irin su Tegretol, ƙara wannan nau'in suke yi.

Hayaƙin barkono kuwa, don girman Allah a daina. Yana ƙona hanyar numfashi da ido, yana tayar da asma, kuma yarinyar da ke ɗaukewa ba ta sani ba, an zaunar da ita gaban garwashi an lulluɓe ta da zane, in abin ya zo mata a lokacin ai faɗawa wutar za ta yi. Addu'a ku ci gaba da yi mata, ba ta hana zuwa asibiti. Kafin a gan ta, kada a aike ta rijiya ko rafi, kada a bar ta kusa da murhu, kada ta tsallaka titi ita kaɗai. In ta taɓa faɗuwa tana jijjiga, a kwantar da ita a gefe, kada a cusa mata cokali a baki, in ya kai minti 5 a garzaya asibiti. Inna, kada wannan makon ya wuce ba ku kai ta ba.

Tambaya: Ɗana shekararsa 7. Boko ana ƙararsa, Islamiyya ana ƙararsa, a gida ma haka: ba ya gama aiki, kullum ya ɓatar da fensir, ba ya jiran layi. Na yi dukan har na gaji. Daga wani uba a Fadaman Mada.

Amsa: Ka ajiye bulalar, Malam, kai ma ka ga ba ta yi ba. Akwai lalurar rashin natsuwa da yawan rawar kai da likitoci ke kira ADHD, tana shafar kusan yara 5 cikin 100, kuma takan bi jini. Ana zarginta ne in alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar yadda ka faɗa. Amma kafin a liƙa masa suna sai an duba ji da gani, ƙarancin jini, munshari da dare, sikila, da ko ya taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai suma. Ka kai shi wurin likitan yara tare da 'yar takarda daga malamansa biyu.

A gida kuwa, kada ka ƙwala masa umarni daga ɗaki. Ka je gabansa, ka kira sunansa, ku haɗa ido, ka ba shi aiki ɗaya, ya maimaita maka. Aikin makaranta a yanka shi minti 10, hutu minti 3, a wurin da babu talabijin ko ƙannensa. Jaka da takalmi wuri ɗaya kullum. In ya yi daidai ka yaba nan take ka ambaci abin da ya yi, domin alkawarin keke ƙarshen zango ya yi masa nisa. Ka roƙi malami ya zaunar da shi layin gaba nesa da taga, ya riƙa sa shi goge allo ko raba littattafai don ya motsa. Akwai maganin da ke taimakawa, amma likita ne kaɗai ke rubuta shi bayan bincike, yana kuma bibiyar nauyin yaron da barcinsa.

Tambaya: Ai ɗana yana iya awa biyu yana kallon katun a waya, ke nan yana da natsuwa? Daga wata uwa a Toro.

Amsa: A'a, hoton ne ke sauyawa kowane ɗan lokaci yana riƙe shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019: babu kallo ga wanda bai kai shekara 2 ba, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a rana.

Tambaya: Ana sayar da maganin ƙara basira a kasuwa, in saya wa 'yata? Daga wani uba a Ningi.

Amsa: Kada ka saya, ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Kuɗin ka sa a ƙwai, wake, hanta, kifi da zogale, ta kuma karya kumallo kafin makaranta. A raba shayi da lokacin abinci, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. A bar sa mata kwalli, da yawansa na ɗauke da gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kuma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwa. In tafin hannunta ko cikin idonta ya yi fari, ko tana cin ƙasa, ka kai ta a auna jininta.