An kore ni kan giyar da na sha a waje

Tambaya: Barista, shekarata 6 ina tuƙa motar raba kaya a wani kamfani a Zariya. Ranar Litinin da safe manaja ya ji warin giya a bakina, washegari aka miƙo mini takardar kora. A Sabon Gari na sha, daren Lahadi, da kuɗina. Ba dole kotu ta mayar da ni ba?

Amsa: Malam, ban ga takardar ɗaukarka aiki ba, don haka maganata na iya sauyawa in na karanta ta. Amma hujjar nan ta "a waje na sha", ka ajiye ta gefe. Kamfani ba zai yi musun inda ka sha ba. Cewa zai yi ka zo karɓar makullin mota da sauran maye a jikinka, kuma ga direba da wuya alƙali ya ɗauki wannan ƙaramin laifi.

Gaskiya ne sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ba wanda ya cika shekara 5 notis na wata guda. Sai dai shi wannan sashen ya bar ƙofar kora babu notis idan laifin ya yi girma. Mayarwa bakin aiki kuwa, a kamfani mai zaman kansa, ba kasafai ake samu ba. Galibi in an yi nasara, kuɗi ne.

Inda nake ganin ƙila sun yi garaje shi ne kora cikin kwana ɗaya. Sun ba ka takardar tuhuma ka amsa? An yi maka gwaji? Hancin manaja dai ba na'ura ba ce. In duk ba a yi ba, kana da abin riƙewa, ko da yake ba zan ce ya isa ba.

Shari'ar ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, a Kaduna, kuma tana iya jan lokaci. Ni da za ka ji tawa, lauya ya fara rubuta musu a zauna: su mayar da korar ta zama ajiye aiki, su biya albashinka da kuɗin notis. Asusun fanshonka ba su da iko da shi. In ba ka kai shekara 50 ba, ka yi wata 4 babu aiki, za ka iya neman kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ke ciki.

In kuma ba wannan ne karon farko ba, ka ga likita a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika kafin zaman. Takardarsa takan sassauta manaja.