Tambaya da Amsa: Tiger Woods, kofuna 15 da jikin da ya biya farashinsu

Wasiƙu da dama sun zo mana kan mutum ɗaya, don haka muka haɗa su a fitowa guda.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin cewa Tiger Woods ya ci gasar Masters da tazarar bugu 12, ni kuwa ko ƙirgen golf ban iya ba. Ina abin mamakin yake? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A golf mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Fili yana da ramuka 18, faɗin bakin kowanne milimita 108, kuma kowane rami da ƙa'idarsa: bugu uku, huɗu ko biyar, gwargwadon nisan da ke tsakanin wurin farawa da ramin. A filin Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka, inda ake buga Masters duk watan Afrilu, jimillar ƙa'idar 72 ce. Ana zagaya filin sau huɗu, Alhamis zuwa Lahadi, ka ga ta zama 288 ke nan. A 1997 Woods ya tashi da 270, Tom Kite da ya zo na biyu yana da 282. Manyan gasa galibi bugu ɗaya ko biyu ke raba na ɗaya da na biyu, wani lokaci har sai an yi kunnen doki an sake komawa fili. Shi kuwa yana da shekara 21, bai cika wata takwas da shiga wasan kuɗi ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne da ƙafar hagu ya fara. Ramuka tara na farko ranar Alhamis bugu 40 ya yi, huɗu sama da ƙa'ida. Ya lura yana kai sanda baya fiye da kima, ya rage, sai ya gama sauran taran da bugu 30.

Sannan akwai tarihin wurin. Sai a 1961 ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka ta soke dokar da ta keɓe shiga cikinta ga farar fata kaɗai, kuma sai a 1975, shekarar da aka haifi Woods, baƙar fata na farko, Lee Elder, ya buga Masters. Mahaifin Woods, Earl, baƙar fata ne tsohon hafsan sojan Amurka, mahaifiyarsa Kultida 'yar Tailan ce.

Tambaya: Ni da yayana kullum muna gardama. Shi ya ce Jack Nicklaus ya fi, ni na ce Tiger. Ku raba mu. (Wata mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malama, in kofunan manyan gasa huɗu za a ƙirga, yayanki ya ci gardama: Nicklaus 18, Woods 15. Na Woods su ne Masters biyar (1997, 2001, 2002, 2005, 2019), gasar PGA huɗu (1999, 2000, 2006, 2007), US Open uku (2000, 2002, 2008), sai British Open uku (2000, 2005, 2006). A gasannin PGA Tour, wato babban jerin gasannin ƙwararru na Amurka, gaba ɗaya kuma Woods yana da 82, kafaɗa da kafaɗa da Sam Snead, Nicklaus yana da 73.

Ga inda za ki kama yayanki. Daga Yunin 2000 zuwa Afrilun 2001 Woods ya cinye manyan gasannin nan huɗu a jere, abin da babu ƙwararren da ya taɓa yi da waɗannan huɗun. A ta farkonsu, US Open ta 2000 a Pebble Beach da ke Kalifoniya, ya tashi 12 ƙasa da ƙa'ida, waɗanda suka biyo shi, Ernie Els da Miguel Ángel Jiménez, suna uku sama da ita. Tazarar bugu 15 ke nan, kuma ba a taɓa ganin irinta a babbar gasa ba. Ya yi mako 683 a matsayin na ɗaya a duniya, 281 daga ciki babu yankewa. A ganinmu Nicklaus ya fi daɗewa a sama, amma babu wanda ya taɓa buga golf irin wadda Woods ya buga tsakanin 1999 da 2008.

Tambaya: Wai ƙarfin bugu ne sirrinsa? Na ga ana cewa har tsawaita filaye aka yi saboda shi. (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Ƙarfi yana ciki, kuma gaskiya ne an ƙara wa Augusta tsawo sosai a 2002, kodayake sababbin sanduna da ƙwallaye masu nisa su ma suna da hannu a ciki. Amma masu nisan bugu suna da yawa. Abin da ya bambanta Woods shi ne ya san inda zai yi kuskure. Ko ƙwararre ba ya saukar da ƙwallo daidai inda ya nufa, don haka kafin kowane bugu tambayar ita ce: in ta kauce, wane gefe ne mai sauƙin gyara? Sai a nufi can, ko da an yi nesa da tutar da ke nuna inda rami yake.

A British Open ta 2000, a St Andrews da ke Sikotilan, filin da ke da kwarurrukan yashi sama da ɗari, wasu sun fi mutum zurfi, ya buga ramuka 72 ƙwallonsa ba ta faɗa ko ɗaya ba. A British Open ta 2006 a Hoylake da ke Ingila rana ta ƙona ciyawa, ƙasa ta bushe ƙamas. Cikin sanduna 14 da doka ta yarda a ɗauka, direba, wadda ta fi kowacce nisa, sau ɗaya tak ya zaro ta a kwana huɗu. Sandunan ƙarfe ya riƙa amfani da su, yana tura ƙwallo ƙasa-ƙasa ta ƙarƙashin iska, ta sauka ta gangara ta tsaya kafin yashi. Ya yarda ya bar wa kansa bugu na biyu mai nisa, muddin daga wuri mai kyau ne. Ya ci da tazarar biyu, wata biyu da kusan mako uku bayan rasuwar mahaifinsa.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne rami na 12 a Augusta, ranar ƙarshe ta 2019. Gajere ne, yadi 155, ƙa'idarsa uku. Rafi ya ratsa ta gabansa, dandamalin lallausar ciyawar da ramin ke kai siriri ne kuma a karkace, ga iska na juyawa tsakanin itatuwa. Ranar Lahadi akan kafa tuta can gefen dama, inda ake buƙatar ƙarin nisa kafin a tsallake ruwa. Ƙwallon da ta gaza da yadi biyu ko uku takan bugi gangaren da aka aske ciyawarsa, ta silalo cikin rafi. Tarar bugu ɗaya ce, a sake bugawa, yawanci a tashi da biyar. Francesco Molinari, wanda ke gaba da bugu biyu, ya faɗa ruwa. Brooks Koepka, Ian Poulter da Tony Finau su ma haka. Woods bai ko kalli tuta ba, ya aika tasa can hagu da ita inda babu hatsari, ya gangara sau biyu, ya karɓi ukunsa ya wuce. Nan suka yi daidai da Molinari. Daga baya ya rage bugu a ramuka na 13, 15 da 16, ya ci da tazarar ɗaya yana da shekara 43. Wannan ce babbar gasa ta farko da ya ci ba tare da ya shiga ranar ƙarshe yana kan gaba ko daidai da na gaba ba.

Tambaya: Wasan da ba gudu ba karo, yaya aka yi ya lalata masa jiki haka? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Malam, juyi ne ke yin ɓarnar. Mai bugu da hannun dama yakan murɗa jiki baya, sannan ya sauke nauyinsa duka kan ƙafar hagu da ke kafe a ƙasa, kan sanda na tafiya da saurin da ya kusa kilomita 200 a awa. Woods yana matashi yakan miƙe gwiwar hagu da ƙarfi daidai lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo don ƙara nisa. Maimaita wannan ɗaruruwan lokuta a rana tun yarinta, gwiwa da ƙasan baya ne ke biya.

US Open ta 2008 a Torrey Pines ya buga ta da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa da tsaga biyu a ƙashin ƙwaurin hagu. Kunnen doki suka yi da Rocco Mediate bayan ramuka 72, sai da suka kai rami na 91 kafin ya yi nasara, daga nan aka yi masa tiyata, bai sake wasa a shekarar ba. Wasu suna ɗora faɗuwarsa kan rikicin aurensa da ya fito fili a ƙarshen 2009. Ya girgiza shi, amma a 2013 ya ci gasa biyar ya koma na ɗaya a duniya. Baya ne ya kwantar da shi: tiyata uku a 2014 da 2015, sai a Afrilun 2017 aka haɗe masa ƙasusuwa biyu na ƙasan gadon baya wuri guda. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar yana matsayi na 1,199 a duniya.

Hatsarin mota na Fabrairun 2021 kusa da Los Angeles ya karya masa ƙafar dama, aka sa ƙarfe a ƙwauri da kusoshi a idon sawu. Tun daga nan tafiya ta fi bugun wahalar da shi, domin a manyan gasa ba a hawa ƙaramar motar fili, da ƙafa ake taka kilomitoci, kwana huɗu a jere, Augusta kuwa hawa da gangara ce. A 2024 ya kai wasan ƙarshen mako a Masters, wato ya tsallake tankaɗen da ake yi bayan kwana biyu, karo na 24 a jere, wanda babu mai irinsa, amma cikin waɗanda suka kai shi ne ya zo na ƙarshe.

Tambaya: Albashi ake ba su ko yaya? (Mai karatu daga Yamai)

Amsa: Ba irin na 'yan ƙwallon ƙafa ba ne. A zamanin ganiyar Woods gasa kan fara da mutum 144 ko 156, bayan kwana biyu a tankaɗe, 70 na sama da waɗanda suka yi daidai da na 70 ɗin ne ke ci gaba. Wanda ya faɗi ba shi da ko sisi a kuɗin gasa, ga kuɗin jirgi da masauki da na kadi, mai ɗaukar masa jaka yana auna nisa, duk a wuyansa. Kadi yana da kuɗin mako, sannan a al'ada yakan samu kashi 10 cikin ɗari in ubangidansa ya ci kofi. Woods ya tsallake gasa 142 a jere daga 1998 zuwa 2005, kodayake lissafin ya haɗa da wasu gasannin da ba a tankaɗe a cikinsu. Kafin shi Byron Nelson ne ke riƙe da 113.

Masters ta 1997 dala 486,000 ta kawo masa, ta 2019 kuma dala miliyan 2.07. Abin da ya tara a PGA Tour ya haura dala miliyan 120, amma mafi yawan dukiyarsa daga tallace-tallace ta fito, musamman kamfanin Nike da suka yi shekara 27 tare kafin su rabu a Janairun 2024.