Shekara huɗu albashi bai motsa ba, Alhaji na ta cewa a bari a gama kaka

Salam Barista. Ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan Birnin Kebbi, ni ke riƙe da sito, duk buhun da ya shiga ko ya fita ni ke rubuta shi. Shekara huɗu ke nan albashina dubu 55 bai motsa ba, mu ma'aikatan dindindin mun kai 40 ban da 'yan dako. Sau biyu ina yi ma Alhaji mai kamfanin maganar ƙarin albashi yana cewa in bari a gama kaka, ga shi an gama kaka biyu shiru. Tun da na fara ba a ba ni wata takarda ba. Ina da mata da ɗiya uku. Ina da haƙƙi a doka ko sai dai haƙuri? Kuma in na matsa zai iya korata?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya buɗa. Maganarka kashi biyu ce kuma kar ka bari su cakuɗe, akwai abin da yake haƙƙinka ne wanda ba roƙo za ka yi ba, akwai kuma ƙari na gaskiya wanda babu kotun da za ta tilasta ma Alhaji, sai dai ciniki tsakaninku.

Na farkon shi ne mafi ƙarancin albashi. Dokar 2019 ta sa shi naira 30,000, a watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan gyaran da ya kai shi 70,000. Mutane da yawa a nan wajenmu sun ɗauka abin na ma'aikatan gwamnati ne kawai, ba haka ba ne wallahi, ya hau kan kamfanoni masu zaman kansu ma. Waɗanda dokar ta cire su ne wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi kamar 'yan dakonku, da masu aikin da ke zuwa da lokaci irin noma. Kai ka ce kun kai 40 kuma rani da damina kana sito, to in lissafinka daidai ne dubu 55 ɗin nan ƙasa take da doka, dubu 15 duk wata, a shekara 180,000 ke nan. Ko da ka taɓa cewa ka yarda da 55 ɗin, dokar ta ce yarjejeniyar biyan ƙasa da mafi ƙaranci ba ta da tasiri. Amma kar ka je kana ambaton dubu 75 da Gwamna Nasir Idris ya amince da ita, wannan ta ma'aikatan jihar Kebbi ce, ba ta shafi kamfaninku ba, kana faɗa manaja zai kama ka a nan ya watsar da sauran maganar taka.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba kuɗin ba ne ma, rashin takardar ne. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce cikin wata uku da fara aiki maigida ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin aikinsa, irin aikin, albashi da yadda ake biyansa, awannin aiki, hutu, da wa'adin sallama. Kai shekara huɗu ba ka da ko fallen takarda. Wannan ba ya nufin ba ka da kwantiragi, yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce, matsalar ita ce ranar da aka yi musu da me za ka kafa hujja. Na taɓa zama da wani malamin makarantar kuɗi a ofis, ya zo da jakar leda ya zazzage a kan tebur, katin shaidar aiki da ya koɗe da littafin darasi, yana rantsuwa mai makarantar ya yi masa alkawarin ƙari a gaban masallaci bayan la'asar, na ce wa ya ji, ya ce su biyu ne sai Allah. Har yanzu in na tuna fuskarsa sai raina ya sosu, don na yarda gaskiya yake faɗa, amma ba abin da zan ɗauka in kai gaban alƙali. Don haka tun yau ka fara tara abinka, alat na banki in ta banki ake biyanka, in a hannu ne ka ɗauki hoton shafin da kake sa hannu, saƙonnin WhatsApp da manaja ke turo maka na aiki kar ka goge ko ɗaya, Dokar Shaida ta 2011 tana karɓar irin waɗannan in an cika sharuɗɗanta.

Sai kashi na biyu. Abin da ya haura dubu 70 doka ba ruwanta, sai in yana cikin yarjejeniyarku. "A bari a gama kaka" ba adadi ba rana, da wuya kotu ta ɗauke shi alkawarin da za a tilasta. A nan bakinka da aikinka ne jarinka. Ni dai shawarata kar ka shiga wajen Alhaji da kalmar kotu ko lauya a zaman farko, ka san halin manyanmu, da ya ji an ambaci kotu maganar ta tashi daga kuɗi ta koma raini, daga nan ko yana da niyya ya fasa. Kar kuma ka tare shi a gaban baƙi ko ranar da injin ya lalace ko aka sauke tankar dizal. Ka nemi manaja ya sama maka lokaci ku kaɗai, ka gaida shi yadda ya kamata, sannan ka buɗe littafin sitonka, ranka ya daɗe ga buhunan da suka bi ta hannuna a shekara huɗu, ga lissafi bai taɓa ɓata ba in har haka ne, ga aikin da aka ƙara min bayan wanda aka ɗauke ni dominsa. Tsadar kabu-kabu da cefane tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka ambata, amma kar ka tsaya a nan, kowa a kamfanin kukansa ke nan, abin da kai kaɗai ke da shi shi ne amanar sito, kuma Alhaji ya fi ka sanin abin da ɓatan buhu goma a wata zai ci masa. Ka faɗi adadi da bakinka, kar ka ce "abin da ya sauwaƙa", ka ɗan ɗaga sama da inda kake son a tsaya kamar dai cinikin dabbobi a kara. In ya ce ba hali yanzu, ka nemi rana takamaimai da kuɗin mota kafin ranar. Duk abin da aka tsayar, da yamma ka tura masa saƙo na godiya ka maimaita adadin da watan da zai fara, ko "to" kawai ya amsa ka ajiye.

Akwai fansho ma, Dokar Fansho ta 2014 ta hau kan kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, maigida kashi 10 ma'aikaci kashi 8. Ka san dai kashi 8 ɗin daga albashinka za a cire, ka sa shi a lissafi kafin ka faɗi adadinka.

Batun kora kuwa ba zan ɓoye maka ba, zai iya sallamarka. A sashe na 11 mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar notis ɗin sati biyu ne a rubuce, ko a biya shi kuɗin notis ɗin, kai ma in za ka tafi haka za ka ba shi. Sai dai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya damƙa wa shari'un aiki, a shekarun nan tana yawan tambayar dalilin sallama, kuma wanda aka kora don ya nemi abin da doka ta ba shi yana da abin faɗa a gabanta, har ariyas ɗin dubu 15 ɗin nan zai iya nema. Tana da reshe a Sakkwato. Amma shari'a tana cin lokaci da kuɗin mota, kai kuma ga iyali, shi ya sa kar ka ce za ka ajiye aiki sai kana da wani a hannu da gaske, na ga waɗanda suka faɗa don tsoratarwa aka ce musu Allah ya kiyaye hanya. In zaman farko da na biyu ba su haifar da komai ba, sai rubutacciyar takarda zuwa ga kamfanin ka riƙe kwafi, bayan nan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiha, suna kiran maigida a yi sulhu. Kuma in sauran abokan aikinka ma ƙasa da 70 suke karɓa, ku rubuta tare ku sa hannu, ya fi kai kaɗai.

Kafin komai ka zauna ka rubuta sunayen ma'aikatan da ake biya albashin wata ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar sun kai 25 ba tare da 'yan dako ba, sannan ka kai wa lauya na kusa da kai lissafin tare da alat ɗinka na wata shida ya duba kafin ka shiga wajen Alhaji.