Amsa ga mai kewar gida a Nima

Ka ce shekara uku kana unguwar Nima ta Accra, kewar Kano ta hana ka barci, kunyar komawa hannu rabbana kuma ta ɗaure ka. Ɗan'uwa, je ka gida ka dawo, ko na sati biyu ne. Ai ba teku ka tsallaka ba. Mota ce zuwa Aflao, ka ratsa Lome da Kwatano, ka shiga ta Seme, a Legas ka hau ta Kano.

Sai dai kada ka ce sai tsaraba ta cika, don a Accra ba ta cika. Ni shekara biyar ina cewa sai na tara. Duk sanda ajiya ta yi ɗan kauri, sai mai gida ya zo neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, ga sidi, kuɗin Gana, na ta faɗuwa. Daga ƙarshe atamfa turmi ɗaya na riƙa na tafi, ina sunkuyar da kai. Wallahi Inna ko ledar ba ta buɗe ba sai washegari. Haɓata ta kama tana cewa na rame, wai ko ba tuwo a Gana.